Ranar da Matata Ta Kira Ni Bawan Allah

Sabon kwanon rufi maƙiyin kafinta ne, musamman da safe kafin raɓa ta bushe. Na san haka tun ina saurayi, na kuma sha faɗa wa wasu. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na miƙa hannu zan ɗauko guduma, ƙafar dama ta zame, sai kawai na ga sama ta juya. Da na dawo hayyacina ina kwance rigingine a kan guntayen katako, a tsakar gidan da nake yi wa rufi, bakina cike da ƙasa. Wuyana ya riƙe, tsakiyar bayana kamar an kafa ƙusa. Ba zafin ne ya tsorata ni ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa ban ji komai ba. Na ce wa babban yatsan ƙafata ya motsa, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Kafin ka ce kwabo gidan ya cika. Mai gidan, mutumin kirki ne wallahi, sai salati yake yana cewa a kama a sa ni a bayan motarsa. Wata maƙwabciya ta taho da ruwa a kofi za ta ɗura mini. Wani mai gemu da ban taɓa gani ba ya durƙusa wajen ƙafafuna yana naɗe hannun riga, wai gocewar ƙashi ce, in aka ja da ƙarfi zai koma. Hannuwa sun riga sun shiga ƙarƙashin hammatana sai na ji an daka tsawa.

"Ku dakata! Kada wanda ya ɗaga ni!"

Muryata ce, amma maganar ta matata ce, har yadda take jan kalmar.

"Haba Malam kafinta," in ji mai gidan, "asibiti fa za mu kai ka."

"Na sani, Allah ya saka da alheri. Ku kira motar asibiti. Ke baiwar Allah, mayar da ruwan nan, ki tsaya ta nan ki kare mini rana. Kai kuma mai gemu, in ka ja ƙafar nan ban yafe ba har gaban Allah."

Suka ja da baya suna kallon juna. Na ji wani yana raɗa cewa kaina ne ya bugu. Mai gidan dai ya buga waya, aka ce mota na tafe. Sai jira, ni da sararin sama da rabin rufin da ban ƙarasa ba.

Matata ma'aikaciyar motar asibiti ce, cikin waɗanda ke zama a baya tare da mara lafiya. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, kuma in ka kira ta da ɗaya daga ciki nan take za ta gyara maka. Aikinta, in ji ta, shi ne ta miƙa mutum hannun likita bai fi yadda ta tarar da shi lalacewa ba. Gajeruwa ce, iyakarta kafaɗata, amma in ta buɗe baki a wurin haɗari ƙarti na darewa. A unguwa Dakata ake ce mata, manya da yara. Da farko takan juyo da harara, yanzu amsawa take.

Ba da wannan aikin na aure ta ba. A lokacin, shara da goge-goge take yi a wani asibiti. Sai babur ya kaɗe ƙanenta, wanda ke bi mata, a bakin kasuwa. Mutane suka rufu a kansa don taimako, wani ya kama hannu, wani ƙafa, kai na lilo, suka lanƙwasa shi a kujerar bayan tasi. Waɗanda suka gani sun ce yana ƙasa yana shure-shure da ƙafafunsa biyu. Da aka isa asibiti sun daina motsi, kuma har yau ba su sake ba. Yana nan da ransa, yana gyaran rediyo da fanka a kan keken guragu. Ni na buga masa gangaren katako a ƙofar shagonsa, ni nake ɗaga shi in zai shiga mota. Saboda haka da nake kwance a tsakar gidan nan, babu wanda nake bukata ya yi mini bayanin abin da ke jirana.

Ban taɓa jin ta zagi mutanen da suka ɗauki ƙanen nata ba. "Son shi suke," takan ce, "ba su sani ba ne." Amma daga shekarar ta sa wa ranta sai ta sani. Da aka buɗe kwas na ma'aikatan motar asibiti ta shiga, da goyo a baya da wani a hannu. Wanda ya sha wahalar karatun nan kuwa ni ne. In na dawo daga aiki a gajiye, maimakon sannu da zuwa sai in ji, "Baban yara, kwanta a nan, ka suma." In kwanta a kan tabarma, ta ɗaga mini haɓa, ta kara kunne a hancina, ta mirgina ni gefe ta lanƙwasa mini gwiwa. An naɗe ni da bandeji a gidan nan ya fi a ƙirga. Wata rana yayata ta shigo ba sallama ta tarar da ni a ɗaure tun daga kai har kafaɗa, ta fasa ihu, da ƙyar aka shawo kanta.

Da ta fara aiki abin ya bi ta har gida. In ta karɓi kofi a hannunka sai ka ji yatsunta biyu sun zame zuwa wuyan hannunka, tana ta hira tana jin bugun jininka. Ranar da zarto ya tsaga mini babban yatsa na cusa garin katako a ciwon, yadda duk kafinta ke yi tun kaka da kakanni. Na sha faɗan da ko uwata ba ta taɓa yi mini ba. Ta wanke, ta ɗora tsumma mai tsabta, ta ce in danna in ɗaga hannun sama, kuma in na kuskura na leƙa don in ga ko jinin ya tsaya za ta fara daga farko. Ko a hanya muke tafiya ta ga an taru a kan wani ana shirin ba shi ruwa, sai ta miƙo mini jakarta ta kutsa. Wanda ya ji rauni ba a ba shi ruwa, zai iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata ke jiransa. Na ji wannan karatu har na haddace ba da niyya ba. Nakan ce mata, "Ke dai ki bar ni da wa'azinki, ni katako nake yi wa aiki, ba ya suma." Ashe zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abu ɗaya ne ba ta kawowa gida, labarin waɗanda ta ɗauka. Ko ka tambaya ba za ta faɗa ba. Sai dai na gane ranakun da aiki ya yi muni. Takan daɗe a bakin famfo tana wanke hannun da ya riga ya fita, sannan ta shiga ta zauna kusa da yaran tana kallonsu suna aikin makaranta. A irin ranar nakan rage surutu, in haɗa mata shayi in ajiye kusa da ita.

Da na jiyo jiniya daga nesa sai zuciyata ta rabu biyu. Mota ba ɗaya ba ce a ma'aikatarsu. Na roƙi Allah kada ya zama tata, don kada ta gan ni haka. Kafin in rufe baki na sake roƙo ya zama tata.

Tata ce. Ta gabana ta ɓullo, inda zan gan ta ba sai na juya wuya ba, da kayan aiki da safar hannu, jakar magani a kafaɗa. Bayanta abokiyar aikinta, wadda suke kira Doguwa, wadda matata ce ta koya mata aikin. Matata ta dube ni, ta dubi rufin, ta dubi tsanin da ke jingine. Fuskarta ba ta nuna komai ba, sai jakar ce ta sulale daga kafaɗarta ta faɗi.

"Yaya," in ji Doguwa a hankali, "naki ne. Ki koma gaba wurin direba."

Doka ce a tsakaninsu, in mara lafiya naka ne ba ka sa masa hannu, don hannu na rawa, hankali na tsallake abu. Kuma babu mai tsare dokar nan kamar matata. Ita ta taɓa fitar da wani abokin aikinsu daga bayan mota ranar da suka ɗauko mahaifiyarsa, mutumin ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta.

"Na sani," ta ce. "Aikin naki ne, ke za ki ba da umarni. Ni kai kawai zan riƙe."

Doguwa ta gyaɗa kai. Matata ta zagayo ta durƙusa a saitin kaina, ta sa tafukanta biyu a gefen kunnuwana, yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi. Na san wannan riƙo tun zamanin tabarma. Wanda ya kama kai ba ya saki, ko ƙuda ya shiga idonsa, har sai an ɗaure mutum tamau. Sai ta sunkuyo, fuskarta a juye a samana, ta yi magana da wata murya da ban taɓa ji a gidana ba.

"Bawan Allah, kana ji na? Kada ka gyaɗa kai, da baki za ka amsa. Yaya sunanka?"

"Bawan Allah? Ni ne yau bawan Allah? Shekara ashirin da ɗoriya ina cin girkinki?"

"Yaya sunanka?"

Na faɗa mata sunan da ta fi kowa sani.

"Yau wace rana ce? Me kake yi kafin ka faɗi?"

"Rawa nake a kan rufi."

Doguwa ta tuntsire da dariya, ta ce wannan kan nasa lafiya lau. Matata ko murmushi ba ta yi ba. Gaskiya abin ya sosa mini rai. Ina kwance, ban san ko zan sake taka ƙasa ba, ina son in ji ta kira ni yadda take kira na, ita kuwa ta mai da ni baƙo.

Doguwa ta bi ni daga sama zuwa ƙasa. Ta haska mini ido, ta taɓa haƙarƙari, ta danna ciki, ta ba ni yatsunta ta ce in matse, na matse har ta ce ya isa. Sannan ta gangara inda ba na gani.

"Baba, kana jin inda nake taɓawa?"

"Kin fara ne?"

Tafukan da ke kunnuwana ne kawai na ji sun ƙara matsewa kaɗan.

Aka sa mini abin ɗaure wuya, mai tauri, ya tokare mini haɓa. Direbansu, wani dattijo mai furfura, ya kawo dogon allon da ake ɗora mutum. Za a mirgina ni gefe gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu da ƙafa a tare kamar gungume, a tura allon, a maido ni. Hannu bai isa ba, sai Doguwa ta kira mai gidan ta ba shi ƙugu. Ta waiga ta ga mai gemu yana nan bai tafi ba, ta ce, "Kai Malam, zo ga ƙafafun da kake so. Riƙewa za ka yi, ban da ja." Ya zo, ya riƙe su kamar ƙwai.

A ƙa'idarsu wanda ke riƙe da kai shi ke ƙirgawa, don kowa ya motsa tare da shi. Duk suka zuba wa matata ido. Ta buɗe baki ta ce, "Ɗaya." Daga nan muryar ta maƙale. Matar da ke tsayar da kasuwa da tsawa ɗaya ta kasa cewa biyu.

"Ni zan ƙirga, Yaya," in ji Doguwa. "Ki bi ni kawai."

Ta ƙirga, suka juya ni, suka maido. Kaina bai goce ko kaɗan ba.

Ni da nake ganin motar asibiti na keta titi kamar iska, na ɗauka yau zan ɗana. Ina! Jiniya na ta kuka, amma ina jin masu babur suna wuce mu. Mai ciwon baya ba a gudu da shi. Dattijon ya san titin kamar tafin hannunsa, kafin kowane gargada sai ya ɗaga murya ta 'yar tagar da ke tsakani, "Rami!" ko "Tudu!" Doguwa ta dafe allon, motar ta lallaɓa ta wuce.

"Baba direba," na ce, "ko in sauka in tura ne?"

"Sannu ba ta hana zuwa, Malam kafinta," ya ce. "Rami!"

An riga an tokare mini kai da matasai biyu, an ja maɗauri a goshi da haɓa. Doguwa ta ce, "Yaya, an ɗaure, za ki iya saki." Matata ta yi kamar ba da ita ake ba. Tana durƙushe a ƙasan motar, gwiwoyinta a kan ƙarfe, yatsunta a cushe tsakanin matasan da kumatuna. Can sai na ji ɗigo mai ɗumi a goshina. Wani ya biyo, ya gangara cikin girata. Kuka take ba sauti, kuma ba ta da hannun sharewa. Ni ma nawa a ɗaure suke. Doguwa ta yago auduga ta goge mini goshi, ta juya ta goge mata fuska, sannan ta koma kan awon jinina.

"Maman yara," na ce, "in ban tashi ba fa?"

"Bawan Allah, yi shiru ka ja numfashi."

Motar ta haye wani tudu, ta sauka. Sai ta ƙara sunkuyowa, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"In ba ka tashi ba, ai na iya tura keke. Yi shiru."

Na yi shiru. Tun da na aure ta ban taɓa son ta kamar a lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamar lokacin ba.

A asibiti Doguwa ce ta yi wa likita bayani, daga tsawon rufin har inda jina ya tsaya. Wata nas ta zo ta karɓi kan, likitan ya ce wa matata ta saki, sun karɓa. Yatsun suka ƙi buɗuwa. Sai da Doguwa ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ta kama ta ta fitar da ita. Hoto ya nuna ƙashi ya tsage a tsakiyar bayana, ya danne laka amma bai yanke ta ba. Aka yi tiyata aka ɗaure ƙashin da ƙarfe. Da na farfaɗo likitan ya tsaya a kaina ya ce sun yi nasu, sauran sai jira, ba zai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

Jiran nan ya fi faɗuwar wuya. Matata ba ta bar aiki ba, da safe tana mota, da la'asar ta shigo ɗakinmu na marasa lafiya da kayan aikinta a jiki, ta ajiye kwanon abinci, ta wuce ƙarshen gado ta yaye bargo. "Rufe ido. Wane yatsa nake taɓawa?" Kullum amsa ɗaya ce, ban ji ba. Da abin ya ishe ni, na ga yadda take ramewa, sai na fara canka don in faranta mata. "Ƙaramin, na dama." Ta ce, "Buɗe idonka." Na buɗe na ga hannuwanta biyu a naɗe a ƙirji. Ta ce in na sake yi mata ƙarya a kan wannan za ta daina zuwa. Na san ba za ta daina ba, amma ban sake ba.

A cikin kwanakin ne na tuhume ta a kan bawan Allah. Ta ci gaba da ɓare mini lemo ba ta ɗago ba. "Da na kira ka yadda nake kiranka a gida," ta ce, "da hannuna ya yi rawa. Wanne ka fi so?" Sai na ce lemon da tsami.

Makonni suka shuɗe. Ta rage tambayar, ni ma na daina jiran ta. Na fara auna faɗin ƙofar ɗakinmu na gida a cikin kaina, ina lissafin katakon da gangare zai ci.

Wata la'asar ta zo a fusace. Babbar 'yarmu ta ƙona tukunya, ƙaramin ya ɓatar da takalmin makaranta, kuma duk laifina ne da na sangarta su. Tana faɗa tana tarar ruwa a roba daga famfon ɗakin, ta yaye bargo, ta shiga wanke mini ƙafafu yadda take yi kullum. Ni kuma ina kallon silin ina kare 'ya'yana.

"Tukunya ai ba ta fi yarinya ba. Kuma ke, don Allah, ruwan zafi ya ƙare ne a duniya? Wannan ruwa ai sai ya sa wa mutum mura."

"Ka ji shi, wai mura. Mutumin da ke wanka da..."

Ba ta ƙarasa ba. Mai karyayyen ƙugu da ke gadon kusa ya rage rediyonsa.

"Wace ƙafa?" ta ce. Da ƙyar na ji ta.

"Ta hagu. Wajen dunduniya."

"Rufe ido."

Na rufe. Na ji ta ɗebo ruwa da tafin hannu.

"Da sanyi," na ce.

"Sake faɗa."

"Da sanyi, Maman yara."

"Sake."

Tana zubawa ina faɗa, tana zubawa ina faɗa, har ruwan robar ya ƙare, zanen gadon ya jiƙe sharkaf. Sai ta ɗauki robar ta koma famfo.